KUƊIN TALLAFI BAƘO NE, GAYYA CE 'YAR GIDA

Wannan shi ne cikakken jawabin da wani ɗan ƙasar Bade ya yi wa taron 'yan Arewa mazauna Ikko, game da fadamun Nguru da Gashuwa da kuɗin da a ke bayarwa domin kiyaye su. Mun buga shi saboda 'yan'uwa na Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal waɗanda ba su sami halarta ba.



Ina godiya ga shugabannin wannan zama da suka ba ni dama in tsaya gabanku, ko da ya ke a cikinku akwai waɗanda suka girme ni, suka kuma fi ni sanin gida. An umurce ni in yi magana a kan kuɗin tallafi da hukumomi da ƙungiyoyin duniya su kan bayar domin aikin sa kai na kiyaye daji da fadama, musamman a ƙasar Nguru da Gashuwa, arewacin Jihar Yobe.

Na san wani zai ce a ransa, mu da muka zo neman abinci bakin teku, ina ruwanmu da agwagwar ruwa da ciyawar fadama? To, amsar tana cikin kasuwannin da mu ke wuni. Bandar kifin da ke sauka a Mil 12, da shanun da a ke yankawa a Agege, da barkono da albasa da tabarmar kaba, wani kaso nasu daga wannan fadama ya ke fitowa. Ran da ta mutu kuwa, ɗan'uwan da muka bari a gida yana noma da su ba shi da abin yi sai ya ɗauko jakarsa ya same mu nan, a ɗakin da ya riga ya yi mana kaɗan.

Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Kuɗin tallafi baƙo ne, yana da ranar zuwa, yana da ranar tafiya. Abin da ya kan rage bayan tafiyarsa shi ne abin da ya tarar mutanen gari suna yi da hannunsu da aljihunsu. Mu mazauna Kudu kuwa muna da rabon da za mu ɗauka a ciki, wanda na gida ba su iya ɗauka su kaɗai.

FADAMAR DA A KE MAGANA

Bari in fara da bayyana wurin, saboda waɗanda ba 'yan can ba ne. Kogin Haɗejiya ya taso daga ƙasar Kano, kogin Jama'are kuma ya gangaro daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan rairayi, sai suka rarrabu rassa rassa, suka bazu cikin tafkuna da fadamu, kafin su sāke haɗuwa kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe, wanda ya nufi Tafkin Chadi. Wannan shimfiɗa ita a ke kira fadamun Haɗejiya da Nguru. Da damina manomi ya shuka shinkafa, in ruwa ya janye ya bi laima da wake da kayan lambu, masunci ya kama kifi, sa'an nan da rani Bafillace ya shigo da shanunsa su ci ɗanyar ciyawa. Ƙasa ɗaya tana ciyar da sana'a uku, kowa da lokacinsa. Tun 1930 da hanyar jirgin ƙasa ta isa Nguru, albarkar wannan wuri ta ke gangarowa har Ikko.

Ban da mutane, akwai waɗansu masu cin arzikin wurin, watau tsuntsaye. Masana sun lissafta fiye da iri 370 a can. Akwai 'yan gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Akwai kuma waɗanda, kamar mu, 'yan ci-rani ne: su kan baro Turai da Rasha in sanyi ya matsa musu, su ƙetare Hamada, su sauka Nguru da Dagona da kaka, su koma gida wajen watan Maris. A ƙidayar da aka yi cikin Janairun 1997 an sami tsuntsayen ruwa fiye da 300,000 a fadamun.

Saboda haka ne da Gwamnatin Tarayya ta kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, ta sa yankin Bade da Nguru ya zama ɗaya daga cikin sassansa uku, mai faɗin murabba'in kilomita 938. A cikinsa ne tafkin Dagona ya ke, mafakar tsuntsayen da Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya ziyarta a 1989. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma, hekta 58,100, cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, kuma shi ne wuri na farko da Nijeriya ta shigar. Dagona ta biyo baya a 2008. Sai dai ku lura, jama'a, shiga wannan jeri ba ya zuwa da buhun kuɗi. Alkawari ne gwamnati ta ɗauka a gaban duniya cewa za ta kiyaye wurin.

YADDA RUWA YA ƁACE HANYA

Mene ne ya sami fadamar har ta ke bukatar ceto? A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa, dukansu a Jihar Kano, domin noman rani da ruwan sha. Ba wanda zai ce Kano ba ta amfana ba. Amma ambaliyar damina da ke shayar da fadama ta ragu ƙwarai, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980. Ƙasar da ruwa ya kan rufe ta haura murabba'in kilomita 2,000 a 1969 da 1974, amma a farkon shekarun 1990 ba ta kai 1,000 ba.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Dā can kogi ya kan cika da damina ya ƙafe da rani, ƙafewar nan kuwa ita ke kashe ciyawar ruwa. Da aka soma sakin ruwa daga madatsu rani da damina, sai rassan kogi suka daina bushewa, kacala ta sami gindin zama. Duk wanda ya fito daga can ya san kacala: ta fi mutum tsawo, saiwarta tana tafiya ƙarƙashin laka, tana tare yashi har hanyar ruwa ta toshe. Tsohon kogin Haɗejiya da mashigin Burum Gana suka cushe, ruwa ya karkata ta mashigin Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon haka, a gefe guda gonaki suka nutse shekara da shekaru, a ɗaya gefen kuma mutane na kallon busasshen kwari inda dā su ke jefa taru. Cikin kacalar nan jan-baki ke kwana, ya fito da safe ya cinye gero da shinkafa. Sauro da tsargiya da ciwon hantar shanu duk sun sami maɓoya. In kuma aka yi ruwa mai yawa, kamar na 2022 da ya ci gidaje a Gashuwa da ƙasar Haɗejiya, sai ya tarar da hanyarsa a toshe, ya bi ta cikin gari.

BAƘIN DA SUKA ZO DA KUƊI

Yanzu sai mu dubi waɗanda suka kawo taimako, da abin da ya biyo baya, domin tarihin nan shi ne malaminmu.

A 1987 aka kafa Shirin Kiyaye Fadamun Haɗejiya da Nguru, ofishinsa a garin Nguru. Ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, watau IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, watau RSPB, da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, watau NCF, suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa. Shirin ya auna ruwa, ya ƙidaya tsuntsaye, ya kuma nuna wa hukuma da lissafi cewa ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi kawo amfani, ninki ba ninki, bisa ga wanda aka tsare domin manyan gonakin noman rani. An tattara binciken cikin wani littafi a 1993, ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya shi kuwa ɗan Arewa ne, Dokta Muhtari Aminu-Kano, wanda daga baya ya shugabanci NCF. Aiki ne mai kyau, amma da wa'adin kuɗinsa ya cika sai ya tsaya.

A 1990 aka soma wani babban shiri na raya karkarar arewacin Yobe, wanda a ke kira NEAZDP, hedkwatarsa a Garin Alƙali kusa da Gashuwa, da kuɗin ƙasashen Turai. A ƙarshen 1995, bayan da gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, Tarayyar Turai ta dakatar da taimakon raya ƙasa ga Nijeriya, nauyin shirin ya koma kan gwamnatin jiha. Ku duba fa, jama'a: abu ya faru a Fatakwal, manomin ƙasar Bade da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya ji a jikinsa. Haka kuɗin waje ya ke, igiyarsa tana hannun wani.

A farkon shekarun 2000 gwamnatin Ingila ta kawo shirin JEWEL, wanda ya haɗa kan garuruwa suka shiga ruwa da lauje suka buɗe hanyoyin da kacala ta toshe. Tsakanin 2006 da 2010 NCF ta yi irin wannan aiki da ƙungiyoyin sa kai na ƙauyuka, ƙarƙashin wani shiri na Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da hanyoyin tsuntsayen ci-rani. Daga 2011 zuwa 2015 kuma aka yi wani, da kuɗin mutanen ƙasar Holan, wanda ya haɗa Nijeriya da Senegal da Muritaniya da Burkina Faso. Inda aka buɗe hanya, ruwa ya gudana, kifi ya dawo, aka sāke noma gonakin da aka fid da rai a kansu.

To, amma kacala ba ta san wa'adin shiri ba. Shirin shekara huɗu ya kan ƙare, ita kuwa kowace shekara sai ta tofo. Yanke ta yana da dabara: sai an sare ta ƙarƙashin ruwa, domin ta ganyenta ta ke shaƙar iska zuwa saiwa, in ruwa ya rufe kututturen sai ta shaƙe ta ruɓe. Ko da haka sai an maimaita, an kuma riƙa bibiya. Garin da ya ɗauki aikin a matsayin na Bature, ran da mota ta daina zuwa ya ajiye lauje, kafin a jima hanya ta koma yadda ta ke. Garin da ya ɗauke shi a matsayin gayyar da ya gāda, wadda baƙo ya zo ya ƙara wa ƙarfi, shi ne ya ke cin moriya bayan an naɗe tabarma. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Kada kuma mu ɗauka cewa masu kawo kuɗin nan sadaka kawai su ke yi. Tsuntsun da Baturen Holan ko na Ingila ya ke murnar dawowarsa da bazara, a fadamarmu ya ci rani. In Dagona ta ƙafe, su ma sun yi hasara. Ita kanta RSPB waɗansu mata ne suka kafa ta a 1889 domin hana kashe tsuntsaye saboda gashinsu, ta girma da kuɗin da mambobinta fiye da miliyan ɗaya ke biya. NCF kuwa a nan Ikko Cif S. L. Edu ya kafa ta a 1980, gandunta na Lekki da aka buɗe a 1990 yana nan, wanda ya so ya je ya gani. Watau masu ba da tallafin su ma ƙungiyoyin sa kai ne da suka fara da aljihunsu. Saboda haka in mun je wurinsu, mu je a matsayin abokan tarayya masu riƙe da ɗaya bakin igiyar, ba da ƙoƙon bara ba.

ƘOFOFIN DA A KE ƘWANƘWASAWA

Ina ne ƙaramar ƙungiya za ta nufa? Zan ambaci ƙofa uku. Ta farko ita ce shirin ƙananan tallafi na Asusun Muhalli na Duniya, watau GEF, wanda aka kafa a 1992, ya soma aiki a Nijeriya a 2009 ta hannun hukumar UNDP a Abuja. An yi shi ne musamman domin ƙungiyoyin jama'a, ba domin ma'aikatun gwamnati ba, kuma a shekarun baya iyakar abin da ya kan ba aiki guda dala 50,000 ne. Kyauta ce, ba rance ba, amma a kan bi sawun kowane kwabo. Ta biyu ita ce Asusun Amana na kogunan Haɗejiya da Jama'are da Komadugu da Yobe, wanda aka amince da kafa shi a taron Damaturu na 2006, zamanin Shugaba Obasanjo, da gudummawar Gwamnatin Tarayya da ta jihohi shida: Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe. Wannan kuɗinmu ne na gida, muna da hakkin tambayar inda ya ke tafiya. Ta uku ita ce shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Shi wannan bashi ne a kan ƙasa, 'ya'yanmu za su biya, don haka ya wajaba mu sa ido.

Duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa, tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ƙungiyarku tana da rajista? Tana da asusun banki da sunanta? Wa ke riƙe littafin kuɗi? Me kuka taɓa yi da kanku? Me za ku sa daga aljihunku? In kuɗinmu ya ƙare, wa zai ci gaba? A nan ne masunci na bakin Marma, wanda ya fi kowane masani sanin inda ruwa ya toshe, ya kan tsaya cik. Sai wani mai jaka da Turanci daga birni, wanda bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba, ya karɓa da sunansa.

RABON DA YA FAƊO KANMU

Wannan giɓi, 'yan'uwa, mu ne za mu iya cike shi. Zaman Kudu ya koya mana abubuwan da takardar neman tallafi ke bukata. Muna da ƙungiyoyin gari da na kasuwa, muna da ma'aji da magatakarda, mun saba da adashi, da banki, da kai gawa gida da kuɗin karo-karo, 'ya'yanmu kuma sun yi karatu. Ga abin da na ke roƙo kowace ƙungiya ta 'yan Nguru da Bade da Karasuwa da Jakusko da maƙwabtansu na Jigawa ta duba.

Da fari, kada mu ƙirƙiro sabuwar ƙungiya daga nan mu aika da ita gida. A nemi waɗanda suka riga suna fita gayya, a tambayi bulama da lawani da sarkin ruwa, a jingina da su. Shugabanci ya zauna a hannun na gida, mu mu zama masu tallafa baya.

Na biyu, mu ɗauki nauyin rajista da buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, mu kuma sa wani yaro mai ilmi ya riƙe littafi, a riƙa karanta shi a bainar jama'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙungiyoyi da yawa kuwa ba rashin kuɗi ya kashe su ba, zargi ne.

Na uku, mu fara da namu. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. A ce ƙungiya mai mutum 200, kowa ya ajiye naira 1,000 a wata, a shekara an tara naira 2,400,000. Wannan zai sayi lauje da adda da igiya da takalman roba, ya gyara kwalekwale, ya ciyar da 'yan gayya. A kuma rubuta kowace ranar aiki: mutum nawa suka fita, tsawon hanya nawa aka buɗe, a ɗauki hoto da wayar hannu kafin aiki da bayansa. Masu ba da tallafi su kan lissafa gumin jama'a a matsayin gudummawa, muddin an rubuta shi. Ƙungiyar da ta zo da littafin shekara biyu na irin wannan aiki ta riga ta amsa rabin tambayoyin.

Na huɗu, a roƙi abu ƙanƙane sananne. Kada a rubuta cewa za a ceci fadama duka. A ce ga mashigi kaza, daga gari kaza zuwa gari kaza, ga gonakin da za su dawo. Ko a ce ga gandun renon itatuwa na goriba da gawo da ƙaro da mata za su kula da shi, domin a rage saran itace a cikin gandun hukuma. Ko a ce ga samari da za a koya wa ƙidayar tsuntsaye, wadda a ke yi kowane Janairu a duniya tun 1967, yawanci da hannun masu sa kai. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana kusa, a nemi malamanta da ɗalibanta su taimaka da awo da rubutu.

Na biyar, kuma a nan na ke so a saurara da kyau, kada kuɗin tallafi ya zama lada. Gayya tana da ƙa'idarta tun kakanni: mai gayya ya ba da tuwo da fura da goro, makaɗi ya yi kiɗa, ba a biyan kowa, domin gobe kai ma za a zo maka. Ran da aka soma raba ambulan a bakin ruwa, ran nan gayya ta zama ƙwadago, ƙwadago kuwa ba ya fita sai an biya. A sa kuɗin baƙo cikin abin da zai daɗe, watau kayan aiki da jirgi da horo da magani, a bar ciyarwa a wuyanmu. Wanda kuma ya ji rauni ko ya kamu da tsargiya a bakin aiki, asusun ƙungiya ya yi jinyarsa.

Na shida, a zauna da kowa tun kafin a sa lauje. Ruwan da ka buɗe wa hanya zai bi ta gonar wani, zai kuma canja mashayar wani. A kira manomi da masunci da arɗon Fulani da garin da ke ƙasa da ku. In aikin ya shafi cikin gandu, a nemi izinin ma'aikatan gandun a rubuce, domin doka ta hana su da kiwo da farauta a mafakar tsuntsaye, kuma an daɗe ana samun saɓani a kan haka tsakanin hukuma da mutanen da suka gāji wurin. Ƙungiya mai rajista da mutunci ita ce za ta iya zama tsakani, ta nema wa jama'a abin da zai maye musu gurbin abin da aka hana su.

Na bakwai, a yi hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya ce a kawo kuɗin fom ko na goro kafin a sami tallafi, a juya masa baya. In mun je gida da Salla kuma, kada a tsaya ga gaisuwa kaɗai: a je bakin ruwa a gani da ido, a buɗe littafi.

Wanda ke shakkar abin da hannun talaka zai iya, ya dubi maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980 manoma suka ɗauki dabarar barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon ƙone shi, har aka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta wajen miliyan 5. Baƙi sun taimaka da shawara, amma abin ya bazu ne domin manomi ya ga itacen nasa ne.

ABIN DA GAYYA BA ZA TA IYA BA

Ba zan rufe ba sai na faɗi ɗaya gefen, kada a ce na ɗora wa talaka kayan da ba nasa ba. Lauje ba zai yashe babban kogi ba, wannan aikin injuna ne, aikin gwamnati. Kuma muddin ana sakin ruwa daga Tiga da Challawa ba tare da duban na ƙasa ba, kacalar da aka sare za ta dawo. Makullin madatsun nan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da ke Kano. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da yawa da damina domin fadama ta sha, a kuma rage shi da rani domin rassan kogi su bushe. Haka nan maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda aka daɗe ana ta da ita ana ajiyewa: ruwan da ke isa Gashuwa yawancinsa daga Jama'are ya ke, don haka duk ran da aka sāke ta da maganar, wajibi ne a ji muryar mutanen Bade. Ƙungiyar da ta buɗe mashigi da hannunta, ta riƙe littafinta tsaf, ita ce ke da bakin da za ta tsaya gaban wakilanmu na majalisa da shugabannin hukuma ta ce, mun yi namu, saura naku.

Jama'a, Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu ba mu bar gida ba, nema ne ya kawo mu, kuma yawancinmu can mu ke fatan komawa mu huta. Roƙona shi ne, kafin taronmu na gaba, kowace ƙungiya ta aika gida ta binciko mashigi guda ko gandun itace guda da za ta ɗauka, ta kawo sunansa da sunan masu gayyarsa a gaban shugabanni, a buɗe masa shafi a littafi. In baƙo ya zo da kuɗinsa ya tarar da mu a bakin aiki, madalla. In bai zo ba, ruwa dai ya sami hanya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye na gida da na daji, ya mai da kowa gidansa lafiya.